Wane icce ya fi dacewa da gashin ragon layya? Bara bedi ya kunyata ni

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu sani, musamman mahauta da iyayenmu mata. Bara ce shekarar farko da gashin ragon layya ya faɗo kaina, tunda ƙafa ta hana Baba tsayuwa gaban wuta. Ana gobe Salla na ga iccen da muka tanada ba zai kai ba, sai na sa yara suka sassare rassan bedin ƙofar gidanmu, wanda dama ya fara taɓa wayar lantarki. Na ce an huta da saye, an kuma raba shi da waya. Da aka feɗe ragon muka gicciye shi a kan sanduna, muka kafa, muka hura. Wuta ta ƙi ci. Sai tsiii take yi, ruwa na kumfa a bakin iccen, farin hayaƙi ya turnuƙe gidan har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da la'asar bayan naman ya yi baƙi, cikin cinya kuwa da sauran jini. Baba ya yanki tsoka guda, ya tauna, ya dube ni ya ce, "Zazzaɓi ragon yake yi da ka ba shi magani?" Ƙannena har yau Lokotoro suke kirana.

Bana saura wata biyu, ba na son a maimaita. Na sa an tsaga mini tano, wato gangar ƙarfe, gida biyu an yi masa marfi da ragar ƙarfe, ina son rabin naman a gasa shi irin na gargajiya, rabi kuma in gwada mai hayaƙin nan da nake gani a bidiyo. Wane icce zan nema? Wane zan guje wa?

Mai Tukuba:
Wa alaikumus salam. Yaro, kai dai ka gode Allah tsohonka mai barkwanci ne. Da ubana ne, da bakin wutar zai bi ka. Shekarata talatin da wani abu gaban tukuba, abin da zan gaya maka gajere ne. Ƙirya ita ce sarauniya, marke shina bi mata. In babu su, aduwa ko bagaruwa. Su ka ba da garwashin da ka zama, ba wanda ka zama toka kafin ka juya tsire sau biyu ba. Ƙirya in ta kama da hantsi, sai magariba ka tona toka ka iske jan rushi ƙasa. Amma ka ji da kyau, mu ba da wuta muke gashi ba, da garwashi muke. Icce sai ya ci ya faɗi, harshen wuta ya kwanta, sannan nama ka matsowa. Kai ka kai rago gaban wutar da ba ta ma kama ba.

Ɗan Bagalam:
Na gode Baba. Wato laifin ba na bedin ba ne shi kaɗai?

Mai Tukuba:
Laifi biyu ka yi a rana ɗaya. Ɗanye ne, kuma bedi ne. Ko ƙirya ka sare jiya ka hura yau, kunya za ka sha, sai dai ba irin wannan ɗacin ba.

Malamin Sabon Gari:
Ni kam ban yarda da zagin da ake yi wa bedi ba. Rabin gidajen Maradi da shi ake tuwo. Ku duba masu faskare a bakin hanya, me suka fi tarawa yanzu? A gidanmu shekara uku ke nan da busasshen bedi muke gashin layya, ba wanda ya taɓa cewa ya ji ɗaci. Muna bambare ɓawon, mu bari ya ci ya zama garwashi. Kada a sa wa talaka ya ji kamar in bai sayi ƙirya ba layyarsa ba ta karɓu ba.

Mai Tukuba:
Malam, ba wanda ya ce layya ba ta karɓuwa. Tuwo cikin tukunya yake, da marfi, hayaƙi ba shi taɓa shi. Nama kuwa tsirara yake gaban wuta. Garwashin bedi busasshe shina gasa nama, ban musa ba, ni ma na yi da shi ranar da icce ya yanke. Amma ba ya jimawa, kana ta ƙari, kuma duk ƙarin da ka yi sabon hayaƙi ne ka tashi. Nan ɗacin ke shiga. In za ka yi da shi, hura wuta ta biyu can gefe, kana ɗebo garwashi da shebur kana zubawa. Kada sabon icce ya kusanci nama.

Malamin Sabon Gari:
To wannan na yarda. Mu ma haka muke yi, ban dai lura cewa dabara ba ce.

Hajiyar Zariya:
Ku maza kuna ta gardamar sunan icce, ba wanda ya tambayi yaron nan inda zai ajiye shi. Ɗana, in ka saya yanzu, a faskara maka shi, kada ka bar shi gungume. Gungume bayansa ke bushewa, cikinsa na nan da ruwa ko bayan wata shida. Ka jera shi a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa, gara ba ta da kunya. In hadari ya taso ka rufe samansa kawai, ka bar gefe iska na shiga. Wanda ya naɗe icce cikin leda gaba ɗaya, fumfuna zai tarar, kuma nama na ɗaukar warin nan fiye da yadda kake zato.

Yadda uwata ta koya mini gane busasshe: ki ɗauki biyu ki gwara su. In suka yi ƙwal kamar taɓarya ta bugi turmi, sun bushe. In suka yi dum, a mayar da su rana. Sannan ki duba bakin, busasshe yana da tsage-tsage, ɓawon kuma na sakin jiki da kansa.

Mu a gidanmu kashi uku muke yi wa naman. Na gashi a ci a ranar da washegari, na suya a ajiye cikin mansa, sai wanda ake yi wa banda. Na banda shi ne ke son hayaƙi, kuma ni magarya ko kurna nake nema masa. Hayaƙinsu ba ya hawa kai, naman ya fito ja, in aka jefa shi miyar kuka bayan wata guda sai ka ji ƙamshin tun daga zaure.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri Inna. Maganar gwara icce biyu ban taɓa ji ba.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Na karanta duka, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri, zan ɓata wa wasu rai. Duk shekara in layya ta gabato haka ake yi, kowa ƙirya, kowa marke. Ina tambaya: ƙiryar daga ina? Wanda ya san dajin Baban Rafi shekara arba'in baya, ya je yau ya gani, ba sai an yi masa bayani ba. Ƙirya ba bedi ba ce da za ka sare bana ta tofo baɗi. Itaciyar da kakanka ya gani tana ƙarama ita ce kake ƙonewa a yini ɗaya. Maƙera na nemanta, masu sassaƙa turmi na nemanta, masu gawayi na nemanta, mata na neman 'ya'yanta don daddawa, yanzu kuma an ƙara da masu kallon bidiyo.

Kuma a sani, ƙirya da aduwa da tsamiya da gawo da kuka suna cikin itatuwan da doka ta kare a ƙasar nan. Dokar daji ta 2004 tana nan, ba a sare su haka kawai ba tare da izini ba. Tun farkon shekarun 1990 aka kafa kasuwannin icce na karkara, don mutanen ƙauyen da ke kusa da daji su riƙa saran abin da aka ƙayyade musu, su sayar, a biya haraji, wani kaso ya koma gyaran dajin. Wanda zai saya, ya saya ta wannan hanya. Wanda ya zo maka da amalanke da asuba, ɗanyar ƙirya lulluɓe da kara, ka san abin da ka saya.

Mai Tukuba:
Ranka ya daɗe, da girmanka, amma kada a ɗora mana abin da ba mu munka yi ba. Ni gungume guda na ƙirya kwana uku yake kai ni. Ka je ka ga abin da gidan burodi ɗaya ka ci a dare guda, ko dahuwar biki. Mai tsire ne ka ƙarar da daji? Kuma ni matacciya nake saye, wadda ta bushe a tsaye.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Malam, ka san yadda ake yi ta "mutu a tsaye" kuwa? A zagaye gindinta da gatari a cire ɓawon, ko a tara kara a ƙona gindin, a tafi. Bayan shekara a dawo a ce ai matacciya ce. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Ban ce kai ka yi ba. Na ce mai saye ne ke sa mai gatari fita.

Mai Tukuba:
To mu daina sana'ar ke nan, mu ci me?

Mai Kula da Zaure:
Dattawa, a sassauta. Yaro ya tambayi yadda zai gasa rago ne, kada mu mayar da shi kotu. Kowa ya faɗi abin da zai amfane shi.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Gaskiyarka. To ga abin da zai amfane shi, kuma shi ma Mai Tukuba zai amfana. A nan jihar Maradi aka fara sassaben zamani. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM, shi ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. Sai aka fara barin tsiro biyu zuwa biyar a kowane kututture, a datse sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ku je wajen Agye, ƙauye irin Ɗan Saga, ku ga gonaki. Abin da nake son ku gane, manomin da ke wannan aiki duk shekara yana da rassan da ya datse, na kalgo, na sabara, na taramniya, na magarya, har na aduwa da bagaruwa. Icce ne na halal, itaciyar na nan tsaye, kuɗin kuma ya shiga aljihun mai gona. Ɗan Bagalam, ba ka da dangi a ƙauye?

Ɗan Bagalam:
Akwai kawuna wajen Madarunfa, yana da gona da ɗan lambu.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
To ka gama. Ka kira shi yau.

Mai Tukuba:
Sabara da geza dai ƙirare ne, a faɗa masa gaskiya. Na tada wuta ne. Fuu, sun cinye. Ba za su gasa cinyar rago ba. Kalgo da taramniya da dama-dama, in sun yi kauri. Bagaruwa kam ban da ja, wutarta kamar ta ƙirya, sai dai a cire ɓawon don shina da bauri, ai da 'ya'yanta majema ke jima.

Ɗan Maradi a Houston:
Salamu alaikum 'yan gida. Wannan hira ta sa ni kewar tsiren bakin tasha. Bari in sa baki a kan rabin da Ɗan Bagalam ke son yi cikin tano, don abin da ya gani a bidiyo a nan Texas ake yinsa, kuma ba gashi ba ne irin namu. Ya fi kusa da bandar da Inna ta faɗa, sai dai su ba don ajiya suke yi ba, don a ci da zafi ne. Wutar tana wani akwati a gefe, naman yana cikin babban tanon, zafi da hayaƙi ne kawai ke ratsawa su fita ta bututu. Zafin ba ya wuce digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius. Ƙirjin saniya guda yana iya kai awa goma sha biyu ko fiye. In ya fito, bayansa baƙi kamar ya ƙone, amma da yatsa za ka raba shi.

Su ma gardamar icce ba ta ƙarewa a wurinsu. Mutanen tsakiyar Texas oak suke so don hayaƙinsa bai cika ƙarfi ba. Wasu hickory, wasu pecan, masu kaza da kifi kuma iccen tuffa ko na ceri. Akwai wani mai ƙaya da suke kira mesquite, wutarsa zafi, hayaƙinsa ƙarfi, in ka yi awa goma da shi naman ɗaci yake yi, shi ya sa aka fi sa shi a gashin sauri. Abin da ya ba ni dariya, da na bincika sai na tarar ɗan'uwan ƙirya ne, dangi ɗaya masana suka daɗe suna sa su. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita a nan: icce mai tauri, busasshe, ban da mai ƙaro irin su pine. Kuma hayaƙin da ake so siriri ne, mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda sai ka ƙura ido za ka gan shi. In ya yi fari ya yi kauri kamar na bedinka, buɗe wa wuta iska, kada ka rufe.

Mai Tukuba:
Awa goma sha biyu kan nama guda? Su masu sayen suna zaune suna jira? A nan in ka wuce minti goma mai babur ya tafi tukubar gaba.

Ɗan Maradi a Houston:
Baba, da dare suke farawa, kafin azahar an yi layi, in ya ƙare a rufe shago. Ni ma da na zo na ce wannan wahala ce, sai da na ci.

Ɗalibar Jami'a:
Ina karatun kimiyyar abinci a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, bari in ƙara ɗan abin da muka koya, don maganar Baba Mai Tukuba da ta Yayanmu na Amurka abu ɗaya ce. Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wanda ya bushe da kyau ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. In ka hura ɗanye, ƙarfin wutar yana ƙarewa ne wajen tafasa ruwan, sai zafin ya kasa kai inda hayaƙin zai ƙone sosai. Farin hayaƙin nan tururi ne haɗe da kwalta da ba ta ƙone ba, ita ce ke mannewa a nama ta ba shi ɗaci da ƙauri. Ƙamshin da muke so kuwa daga wani sinadari yake fitowa da ake kira lignin, wanda shi ke ba icce taurinsa. In ya ƙone a zafi madaidaici sai ya saki guaiacol da syringol, su ne ɗanɗano da ƙamshin hayaƙi.

Sai abu na biyu da ba a so a ji. Kitse in yana ɗiga kai tsaye cikin wuta yana tashi da baƙin hayaƙi, wannan hayaƙin na ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, irin su benzopyrene. Ba wai ka ci tsire yau ka kwanta gobe ba ne, taruwa yake yi. Kuma a nan gashinmu na gargajiya ya yi dabara: tsire a kewaye da tukuba yake, rago a jingine gefen wuta yake, kitsen ƙasa yake ɗiga ba cikin garwashi ba. Mai tano ne ya kamata ya kula. Ɗan Bagalam, ka tara garwashin a gefe ɗaya, naman a ɗaya gefen, ka sa tire ko tsohuwar tasa da ɗan ruwa a ƙarƙashinsa.

Hajiyar Zariya:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu da muke sa kwano ƙarƙashin rago don tarar mai, ashe magani muke yi ba mu sani ba. Da man muke suyar sauran.

Direban Hanyar Diffa:
Ni abin da zan ce, a kiyayi iccen da ba a san asalinsa ba. Na taɓa tsayawa wani gari a hanya, ba zan faɗi suna ba, yunwa ta kama ni, na sayi balangu. Tun a loma ta farko na ji kamar na lashi bokitin fenti. Na zaga bayan mai naman, sai ga tsohuwar ƙofa shuɗiya ya faskara yana turawa, da ƙusoshinta da komai. Wutar har wani kore-kore take yi. Kwana biyu cikina bai zauna ba. Tun ranar, kafin in sayi nama sai na leƙa abin da ke cikin wutar.

A wajenmu masu bandar kifi sun san wannan. Kifi ya fi nama saurin ɗaukar wari, in ka yi masa hayaƙi da abin banza, mai saye a Maiduguri da hanci zai gane tun kafin a buɗe kwali.

Ɗalibar Jami'a:
Wannan ya fi bedi haɗari nesa ba kusa ba. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Katakon da aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai, da falankin da aka manne da gam, da guntayen da kafinta ke zubarwa, duk ba na abinci ba ne. Katakon da ake ɗora kaya a kai cikin manyan motoci ma a duba hatiminsa, in an buga MB an yi masa feshin guba ne. Haka tada wuta da leda ko tsohon takalmin roba ko guntun taya.

Bafillacen Dakoro:
Direba, ku Barebari da kuka saba da kifi mai wari, yaushe hancinku ya fara tantance fenti? Ni dai abin da na sani daga daji: tumfafiya da aguwa, duk icce mai farin nono, ba a gasa nama da shi, ba a kuma yin tsinke da shi. Ko akuya ta san wannan. Iccen turare ma da ake dasawa a lambuna, nama ya fito yana warin man zafi. Maɗaci sunansa ya isa.

Direban Hanyar Diffa:
Ka ji bawana. Wanda bai iya yanka saniyarsa ba sai ta kusa mutuwa, shi ne zai koya mana gashi. Amma maganar tumfafiya gaskiya ce.

Maƙerin Mokoyo:
Tambaya nake da ita ga Mai Tukuba. Me zai hana yaron ya sayi buhun gawayi ya huta? Mu da shi muke aiki, ba hayaƙi, ba jira.

Mai Tukuba:
Gawayi na gasawa, amma bebe ne, ba shi da magana. Zafi kawai. Naman da anka gasa da gawayi zalla, in ka rufe ido ba ka sanin ko a tanda anka yi shi. Ga mai tano dai shi ne daidai: gawayi ya riƙe zafi, sannan ya jefa guntun icce mai ƙamshi kamar dunƙulen hannu, guda ɗaya, in ya cinye ya ƙara. Ba a cika ba.

Ɗan Maradi a Houston:
Wallahi Baba abin da Turawan nan ke rubuta littafi a kai ke nan ka faɗa a layi uku. Kuma a awa biyu ko uku na farko, lokacin da naman ke da danshi, ya fi ɗaukar hayaƙi. Bayan nan su naɗe shi cikin takarda su mayar, ya ƙarasa nuna cikin romonsa.

Mai Tukuba:
Takarda? Ai mu tun ina yaro da takardar siminti ake naɗe balangu da albasa a mayar gefen wuta. Ashe mun riga su.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, in dai za a yi, a cire fallen ciki da ya taɓa simintin da na waje mai rubutu, ko a nemi takarda mai tsabta wadda ba a zuba komai a ciki ba. Sannan gawayin dutse da ake sayarwa don girki, a bar shi ga tukunya, kada a ɗora nama tsirara a kansa. Kuma don Allah kada a shiga da tano ɗaki ko a rufe shago saboda iska ko ruwa. Iskar gawayi ba ta da wari, barci take sa mutum, daga nan ta kashe shi.

Malamin Sabon Gari:
Ba wanda ya ambaci mangwaro da gwaiba. Lambunan bakin Gulbi cike suke da su, kuma duk shekara ana datsa.

Hajiyar Zariya:
Gwaiba na da daɗi ƙwarai ga kaza da zabo, na sha yi. Lemun tsami ma in ya bushe. Mangwaro sai ya bushe ƙayau, don ɗanyensa na da ƙaro mai ƙaiƙayi, irin wanda ke ɓata wa yara baki lokacin ɗanyen mangwaro. Tsamiya kuwa garwashinta ba na biyu ba ne, amma ni ba na sa a saro mini ita. Ku ce camfi ne, na ji. Uwata ba ta yarda a hura ta a gida ba, ni ma haka na tashi.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Hajiya, da mutanen ɓoye za su koma kan ƙirya su ma, da sun rage mana aiki. Tsoron nan ya tsare tsamiya fiye da duk takardar tara da na taɓa rubutawa.

Mai Tukuba:
Yau dai mun yi daidai da kai, ranka ya daɗe.

Ɗan Jibiya:
Mu nan ƙetaren iyaka duk abu ɗaya ne, sai dai bedin mu darbejiya muke ce masa. Ina bin hirar, don ni ma bana ne farkona. Ɗan Bagalam, in ka gwada ka dawo ka faɗa mana, kada ka ɓace.

Ɗan Bagalam:
Jama'a na dawo, ban ɓace ba. Na kira Kawu kamar yadda Baba na daji ya ce. Ashe yana da tarin rassan bagaruwa da kalgo da ya datse tun bayan girbi, suna kan rumbu, ga wata gwaiba da ta mutu a lambu bara. Ya aiko mini a motar kasuwa, ya ƙi karɓar ko dala, sai kuɗin mota na biya. Na gwara biyu kamar yadda Inna ta ce, suka yi ƙwal.

Ban jira Salla ba, na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jiya Lahadi na sayi kafaɗar akuya da kaza ɗaya na gwada tanon. Gawayi a gefe, tasa da ruwa a ƙarƙashin nama, guntun gwaiba ɗaya. Kuskuren da na yi, na rufe marfin ruf ban bar ƙofar iska ba, cikin minti ashirin wutar ta kusa mutuwa, farin hayaƙin bara ya fara dawowa. Gabana ya faɗi. Na tuna maganar Yaya na Amurka, na ɗaga marfin na sa dutse, na huda ramuka huɗu a ƙasa da ƙusa. Sai hayaƙin ya sirance. Kazar ta yi awa biyu da rabi, ta fito ja kamar an shafa mata man ja. Kafaɗar na ba ta awa huɗu, na naɗe, na ƙara ɗaya da rabi. Gefen da ke kusa da wuta ya ɗan bushe, ban juya da wuri ba.

Na kai wa Baba. Ya ci, bai ce komai ba, ya sake miƙa hannu. Sai da ya gama ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Mai Tukuba:
In tsoho ya koma maganar gishiri, wuta ta yi. Ranar Salla ka hura bagaruwar tun kafin a tafi idi, kafin a gama fiɗa ta faɗi. Ragon kada ya fi kamu uku kusa da wuta da farko, cikin ya fara kallon wuta kafin bayan. In ka kasa riƙe tafin hannunka wurin da naman yake har ka ƙirga biyar, ja shi baya.

Ɗan Jibiya:
Ramukan nan huɗu, a gefen gawayin ka huda su ko a gefen naman?

Ɗan Bagalam:
Gefen gawayin, daga ƙasa. Dutsen kuma a gefen naman na sa shi, don hayaƙin ya bi ta kansa kafin ya fita. Bagaruwar ta fi ƙarfin rago ɗaya, in akwai na kusa da Bagalam da ke so ya zo da buhu kafin Juma'a.